Gyaran gidan Hajiya kafin damina: dattijon da ya ƙi faɗin kuɗi ko matashin da ke son kashi 70?

Baban Walid:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa sa magini aiki, don kaina ya ɗaure.

Gidan mahaifiyata ne a cikin birnin Kano. Asalinsa ginin ƙasa ne tun na kakanmu. Daga baya marigayi mahaifinmu ya sa aka yi masa shafen siminti, ya kuma ƙara ɗakuna biyu na bulo a ƙuryar gidan. Bara da ruwan Agusta ya yi ƙarfi, bangon gabas na ɗakin Hajiya ya kumbura, shafen ya ɓalle ya zubo, sai ga ƙasar ciki jiƙe sharkaf. Kwanon rufin ma duk ya yi tsatsa, in ana ruwa sai an tara bokiti biyu. Ina so a gyara bangon, a canza rufin, in da hali kuma a ɗora ɗaki ɗaya a saman ɗakunan bulon, saboda ƙanena zai yi aure bayan Babbar Sallah, ga kuɗin haya ya zama abin da ya zama.

Magina biyu na gani. Na farko dattijo ne, shi ya yi wa mahaifinmu aiki, kuma shi Hajiya take so. Da na tambaye shi nawa zai yi, sai ya ce, "Haba ɗana, ni da gidan nan? A fara kawai, ba za mu ɓata ba." Na yi juyin duniya ya faɗi kuɗi, ya ƙi. Na biyu matashi ne, abokin aikina ya haɗa mu. Ya zo ya auna, ya rubuto ƙiyasi a takarda tsaf, amma ya ce kaya da aiki duk a hannunsa za su kasance, kuma sai na ba shi kashi 70 cikin 100 kafin ya fara. Ni ko a Fatakwal nake aiki, sai bayan wata biyu nake leƙo gida. Wanne zan ɗauka?

Maman Ilham:
Wa'alaikumus salam. Baban Walid, wannan "ba za mu ɓata ba" ɗin ita ce farkon ɓatawa, ni ganau ce ba jiyau ba. Kicin da banɗaki kawai muka ba wani maƙwabcinmu ya gyara, da irin wannan maganar. Maigidan ya ji nauyinsa, bai yi ciniki ba. Kullum da yamma sai ya ce a ba shi wani abu ya sallami yara, a ba shi. Da aiki ya kai rabi muka zauna lissafi, ashe mu a ranmu mun biya fiye da rabi, shi kuma a ransa duk abin da ya karɓa na leburori ne, ko sisin kuɗin hannunsa bai taɓa ba. Wata uku ina girki a tsakar gida, sai da maganar ta je gaban mai unguwa. Yau shekara huɗu matarsa ba ta shigo mini barka ko jaje ba. Kuma wallahi har yanzu ba zan ce mutumin nan mugu ba ne, rashin yanke magana ne kawai.

Abu Sadik:
Kashi 70? Tab. Duk wanda ka damƙa wa kashi 70 ka zama kai ne ɗan aikinsa, kai za ka riƙa kiransa kana ba shi haƙuri. Kar ka soma.

Injiniya Bazazzagi:
Malam Baban Walid, kafin a zo kan wa za a ba aiki, ka ajiye maganar benen nan tukuna, don ita ce mai haɗarin rai. Bango da rufi in an yi kuskure kuɗi ne za su tafi. Bene ba haka ba ne.

Ka samo mini amsar abu uku. Bulon ɗakunan nan inci 6 ne ko inci 9? An zuba fila da rodi a kusurwoyinsu? Zurfin fandishonsu nawa ne, kuma an zuba kankare a ƙarƙashinsa? Yawancin irin ɗakunan da iyayenmu suka ƙara a ƙuryar gida an yi su ne don su ɗauki katako da kwano kawai, babu wanda ya yi tunanin wata rana za a hau kansu.

Bari in ba ka lissafi. Kankare mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tudu yana kai kilo 2,400. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, in aka zuba masa dakin, wato rufin kankare, mai kaurin inci 6, nauyin dakin ɗin kaɗai ya haura tan 4 da rabi. Wato kamar ka jibga buhun siminti sama da 90 a kan bangon. Ba a sa bulon sama ba, ba a sa gado da kujerun amarya ba, ba a sa 'yan biki ba. Kanawa ba su manta benen da ya rufta a titin Beirut a 2022 ba, ana tsakiyar gina shi. Duk maginin da ya ce maka "zai ɗauka" ba tare da ya haƙa gefen fandisho ya gani da idonsa ba, ko dattijo ne ko matashi, kar ka saurare shi. Sannan ƙarin bene a Kano yana buƙatar izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, in ba ka so ka wayi gari ka ga jan fenti a bangonka.

Baban Walid:
Injiniya, gaskiya ban sani ba. Matashin dai ya ƙwanƙwasa bangon da hannu ya ce babu matsala. Dattijon kuma da na yi masa maganar benen shiru ya yi, ya ce a fara da ɗakin Hajiya.

Injiniya Bazazzagi:
To shirun nan nasa ya fi mini ƙwanƙwasar wancan. Shi ya gina ɗakunan, ya san abin da ya binne a ƙasa.

Birkila Ɗan Ƙofar Ruwa:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, na ga an fara shirya wa magina kotu babu wanda ya tsaya mana, to ga ni. Shekarata 22 da cokali a hannu.

Ba na musun akwai marasa tsoron Allah a cikinmu, akwai. Amma ku masu gida kukan manta naku. Mutum zai ba ka jingar bango ɗaya, kana cikin yi ya ce ai tunda an fasa a faɗaɗa tagar, uwargida ta leƙo ta ce ƙofar ba nan take so ba, yaron gida ya dawo daga makaranta ya ce a yi wa wajen alwala tayil. Ranar biya kuma a ce maka "ai jinga muka yi." Jingar me? Ta bango ɗaya ko ta rabin gida? Ga wanda zai ce ka ci gaba, albashi na shigowa zai turo. Leburan da ya wuni yana cakuɗa siminti a rana ba ya jiran albashin kowa, da magariba yake son kuɗinsa, daga aljihuna nake biya. Yanzu haka ina bin mutum uku cikon kuɗi, ɗaya ya tare a gidan har an haifi yara biyu a ciki.

Maganar kashi 70 kuma, in kaya a hannun magini suke, ba hauka yaron ya yi ba. A irin wannan aikin kaya ne ke cinye yawancin kuɗin. Ku tuna farkon 2024, buhun siminti da ake saye dubu biyar da 'yan kai ya tashi ya haura dubu goma a cikin 'yan makonni. Duk wanda ya karɓi kwangila da tsohon farashi bai sayi kaya da wuri ba, a jikinsa ya ji. Na san wanda ya sayar da babur ɗinsa don ya fita kunya. Shi ya sa muke son a sayi kaya tun farko. In ba ka yarda da ni ba, ba laifi, ka sayo kayanka da kanka, mu yi cinikin kuɗin hannu kawai. Ni hakan ma ya fi mini kwanciyar hankali, babu mai ce mini ɓarawo.

Abu Sadik:
Oga Birkila, mun ji naka. Amma wanda ya karɓi kuɗin aikina ya je ya ƙarasa aikin wani da shi fa? Wannan ai kusan al'ada ce a wurinku.

Birkila Ɗan Ƙofar Ruwa:
Ana yi, ba zan rufe ba. Kuma sau da yawa wancan ɗin ne ya ƙi biya, sai a toshe raminsa da kuɗinka, kai ma a toshe naka da na wani. Maganinsa a biya daki-daki. An gama rushe bango an kwashe ƙasa, a biya. An kai linta, a biya. An yi rufi, a biya. Ka riƙe ɗan wani abu, ko kashi 10, sai an yi ruwan farko ka ga ba ya yoyo. Magini na gaskiya ba zai ƙi wannan ba, in dai kai ma ba za ka ɓace ranar biya ba.

Baba Malam Mai Ritaya:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki a kan bangon, don na ga kowa ya tafi kan kuɗi. A gidan ƙasa aka haife ni, a cikinsa nake har yau.

Abin da ya sami ɗakin Hajiya ba tsufa ba ne, shafen simintin ne. Ƙasa da siminti ba sa auren juna. Ginin ƙasa yana shan danshi ya fitar da shi in rana ta fito. In ka lulluɓe shi da siminti, rana ta buga, shafen ya yi 'yar tsaga kamar zare, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita. Daga waje ka ga bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Kuma ba banza ba ne bangon gabas ya fara: hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ruwa ke duka. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa kowace shekara kafin damina ake sabunta yaɓe, a duba indararo, a shafa makuba da ake yi da ɓawon ɗorawa. Masu hali su yi laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Rufin azarar giginya kuwa, gara ba ta cika damunsa ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, da ƙasa ya yi bakunansa, masana gini daga ƙasashen waje sun sha zuwa kallo. Ƙasa ba ta gaza ba, mu ne muka daina yi mata hidimarta.

Abin da zan ce maka, Baban Walid: in matashin nan ya rubuta a takardarsa cewa zai sake shafa siminti a kan wannan jiƙaƙƙen bangon, to bai san aikin ba, komai kyan rubutunsa. Ko dai a sauke bangon a tayar da shi da bulo tun daga ƙasa, ko a gyara shi da ƙasa irin tasa a wurin wanda ya iya. Ka kuma duba gindinsa ta waje. Lungunan cikin gari da yawa sun fi gidajen tudu yanzu, saboda ciko da kwalbati, ruwa yana kwanciya a jikin bango.

Baban Walid:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na koma na duba takardar yanzu. Abin da ya rubuta ke nan, a kankare a sake filasta, buhu 8.

Baba Malam Mai Ritaya:
To ka gani. Damina biyu za ta yi maka, ta uku ka sake neman shawara.

Ummu Hanan:
Ni damuwata ɗaya, kana Fatakwal. Wa zai tsaya a kan aikin? Mijina yana Jidda lokacin da muka canza rufin gidanmu, ya wakilta ƙaninsa. Ba magini ne ya cuce mu ba, ɗan'uwa ne. A turo kuɗin bandir biyar na kwano mai kauri, a sayo mai shara-shara, a turo hoto daga nesa. A hoto duk kwano ɗaya ne. Kuma ba dama ka yi magana, zumunci ya lalace. Daga baya dabarar da muka yi: mijina ya samu dila ɗaya a kasuwa, yana tura masa kuɗi kai tsaye, dila ya kawo kaya har gida da rasit, ni in ƙirga. Da yamma kuma in ƙirga buhunan da aka zazzage.

Birkila Ɗan Ƙofar Ruwa:
Hajiya, dabarar dila ta yi, amma ƙirga buhu kar ki dogara da shi sosai, mai son sata a bokiti yake ɗiba ya bar miki buhunki. Abin da ya fi shi ne mai tsayawa ya san awo. Buhu ɗaya kwano biyu ne na gini. Kankaren linta da fila, ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. In ya ga ana loda yashi babu lissafi, ya yi magana. Bulo kuma kar a saya sai an gwada: ka ɗaga shi daidai ƙirji ka saki, in ya wargaje kamar gurasa ka bar gidan bulon nan. Wasu buhu ɗaya suke buga bulo hamsin da wani abu, mai kyau kuwa na inci 9 bai kamata ya wuce talatin ba. Sannan kar ku jibge siminti da yawa a ƙasa ga damina tafe, a sa katako a ƙarƙashi, in ba haka ba ya daskare ku yi asara.

Malam Na Zaure:
Bismillah. Akwai gefen da ya kamata a faɗa, don Baban Walid ya samu abin da zai gaya wa Hajiya ba tare da ta ga kamar ya raina mutumin mahaifinsa ba. A fiƙihu, ɗaukar mutum aiki sai an san aikin, an kuma san ladan tun farko. Lada da ba a ambata ba yana ɓata ƙullin, in kuma an riga an yi aikin sai a koma ga abin da aka saba biyan irinsa a gari, wanda nan ne rigima take tsirowa, don kowa da abin da ya saba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, waɗanda suka fi mu amana. Saboda haka rubutu ba tuhuma ba ne. Ɗaya gefen kuma na masu gida, hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Oga Birkila yana da gaskiya a kan masu tarewa a gida da haƙƙin mutane.

Maman Ilham:
Malam, Allah ya saka. Amma fa a aikace, yaro ya zaro takarda da biro a gaban sa'an ubansa, da wuya. Ni shawarata kar Baban Walid ya yi da kansa. Ya samu babba a dangi, kawu ko baffa, su zauna su biyu su yi maganarsu ta manya.

Abu Sadik:
Ni dai har yanzu ban ga dalilin wahalar da kai ba. A nemo na uku mana, Kano ta ƙare da magina ne?

Ummu Hanan:
Abu Sadik, ba ka san Hajiyoyinmu ba ke nan. Gidanta ne, ita za ta wuni da su. In ba wanda ta yarda da shi ba ne, ko ruwan sha ba za ta bari a miƙa musu da daɗin rai ba, kuma kullum sai ta kira ɗanta ta ce an ɓata mata gida.

Baban Walid:
Salamu alaikum jama'a, na dawo da bayani bayan kwana 12, ku yi haƙuri da shirun.

Na zo Kano. Na samu wani injiniya na biya shi kuɗin dubawa, aka haƙa gefen ɗakunan. Bulo inci 6 ne, babu fila ko ɗaya, fandishon bai kai gwiwata ba. Ya ce in ana son bene sai an tayar da filoli daga ƙasa, kuɗin ya kusa na sabon ɗaki. Na haƙura. Ƙanena bai ji daɗi ba, har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce, amma za a gyara masa tsohon shagon zaure ya fara zama.

Na bi shawarar Maman Ilham, na tura Kawu wurin dattijon. Abin da ya faru ban zata ba. Da Kawu ya kawo maganar rubutu, sai dattijon ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafi, duk aikin da ya taɓa yi wa mutane yana ciki da ajami. Ya buɗe shafin gidanmu. Ashe tun aikin ɗakunan bulon akwai cikon kuɗinsa da mahaifinmu bai kai ga biya ba har ya kwanta ciwo, shi kuma bai taɓa buɗe baki ba, ko ranar rabon gado da aka yi cigiyar masu bin bashi. Ya ce kunyar Hajiya ya ji. Kawu ya ce ya tuna da aikin, ya kuma tuna lokacin ciwon. Na biya a ranar, duk da kuɗin yanzu ko buhu biyu ba za su saya ba, na ƙara masa abin da ya sawwaƙa. Da ƙyar ya karɓa.

Yanzu an yanke: zai sauke bangon gabas ya tayar da bulo inci 9, da leda a kan fandisho saboda danshi, sauran bangwayen ƙasar kuma ya yi musu gyara irin nasu. Kuɗin hannu za a biya sau uku, na ƙarshe bayan ruwan farko. Kaya ni zan saya ta hannun dila, Kawu ya karɓa. Rufin kuma shi da kansa ya ce ba aikinsa ba ne, a nemo kafinta. Na kira matashin na ba shi haƙuri, ya ce in rufin ne yana da kafinta mai kyau, kuma ya yarda a biya daki-daki. Ina tunani.

Injiniya Bazazzagi:
Madalla. In za ka ba shi rufin, a rubuta kaurin kwanon da lamba a takarda, kar a ce "mai kyau" kawai. A sa wa katakon maganin gara kafin a ɗora, a kuma ɗaure shi da bango sosai, iskar farkon damina ita ke yaye rufi. Bakin kwanon ya zarce bangon gabas ɗin da ɗan tsawo.

Birkila Ɗan Ƙofar Ruwa:
Ka gaishe mini da Baba, irinsu ne suka koya mana. Saura abu ɗaya da masu gida ke raina wa: ban ruwa. Sabon gini da filasta sai an riƙa jiƙa su safe da yamma, aƙalla kwana bakwai, balle a zafin nan na bazara. In aka bari ya bushe da wuri, zai yi tsaga, a ce magini ya ci siminti. Ka sa yaran gida.

Baban Walid:
Oga, famfon unguwar ya fi wata bai kawo ba, 'yan garuwa muke saye. Kura nawa kake ganin zai isa a rana, in sa a lissafi tun yanzu?

Birkila Ɗan Ƙofar Ruwa:
Bango ɗaya ne, kura ɗaya ta isa ban ruwa. Ranar zuba linta ka tanadi uku, kuma ka yi magana da mai ruwan tun ana gobe da daddare, don da safe layi ne.